Filasmar Ɗakin Innarku

Na san abin da ake faɗa a kaina a gidajenku. Ba sai an zo an gaya mini ba, ina ganinsa a idon jikokina in sun zo gaisuwa, suna kallona kamar wanda aka ce musu ya taɓa fasa wani abu mai daraja. Ana cewa Allah Ya nuna wa jama'a matsayin Innarku bayan rasuwarta, ni kuma na miƙe a gaban mutane na ƙaryata. Saboda maganar nan nake rubuta wannan babin. Na gaji da bayani da baki, don duk lokacin da na ɗauko zancen sai wani ya tuna yana da uzuri a waje, wani ya ce ana kiransa a waya. Takarda ko an ture ta gefe tana nan, wata rana wani zai ɗauka ya karanta har ƙarshe.

Ƙananan jikoki ba su san Innarku a tsaye ba. Mace ce mai kazar-kazar, ba ta iya zama hannu biyu babu aiki, in babu abin yi sai ta kwance tsohuwar tabarma ta sake saƙawa. Burinta ɗaya a duniya, ta ga Ɗakin Allah da idonta. Shekarar da abin ya zo kusa, an yi mata fasfo, an yi allurai, matan unguwa har sun fara tsokanarta da Hajiya tana cewa su bari sai ta dawo da haƙorin Makka. Ran nan tana tankaɗe a tsakar gida sai rariya ta suɓuce daga hannunta. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun ya ƙi. Damina ce, ruwa ya cinye hanyarmu, kafin a samu mota ta zagayo mu isa asibiti a Ɗambatta rana ta yi nisa. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki, ya kuma ce irin wannan ciwo ba ya son jira ko kaɗan. Muka dawo da ita gida a kwance. Maniyyata suka tafi, suka dawo, ita tana kan gado a ɓarinta na hagu, wuya ba ya juyuwa sosai, harshe ya yi nauyi.

'Yar'uwarku Rabi ce ta ɗauki jinyar, wannan kowa ya sani kuma ban taɓa musawa ba. Tana aure a ƙauyen da ke bayan gonakinmu, amma kullum hantsi bai yi ba tana nan, ta yi mata wanka, ta juya ta, ta ba ta koko a cokali, ta wanke abin da ba kowa ke iya wankewa ba. Ni nawa shi ne zama. Na rage zuwa gona, na mayar da karatun da nake yi wa dattawa daga zaure zuwa ƙofar ɗakinta don ta riƙa ji.

Yayanku Babba, da yake aiki a Kano, shi ya kawo shawarar talabijin. Ya ce akwai tashar da ke nuna Harami dare da rana, in ba ta je ba ai ta gani. Ya so ya saya ya aiko kawai. Na ce a'a, da ni za a je, don shi bai san yadda take kwanciya ba. Ya yi ta ƙunƙuni wai zan sha wahalar hanya, na ce wahala ai ta riga ta san gidana.

Shagon da ya kai ni, bango guda cike yake da su, manya da ƙanana, duk abu ɗaya suke nunawa, har kaina ya fara juyawa. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Na ce masa filasma muke so. Ya yi murmushi ya ce mutane duk wadda suka gani shafal kamar faranti sai su ce filasma, alhali iri biyu ne. Ya nuna mini na farko, ya ce waɗannan fitila ce a bayan gilashinsu, ba su da nauyi, ba sa cin wuta, ba sa zafi. Sannan ya nuna wasu a ƙarshen layi ya ce su ne filasma ta ainihi, gilashin da kansa yake ba da haske. Suna da nauyi, suna shan wuta, in sun daɗe a kunne bayansu kamar dutsen guga, kuma ba sa son ɗaki mai hasken rana da yawa. Amma baƙinsu baƙi ne sosai, kuma ta kowane gefe ka tsaya hoton ba ya canzawa.

Babba tun kafin mutumin ya rufe baki ya zaɓi marar nauyin. Yana da hujja, wutar garinmu sai ta ga dama take zuwa. Na tuɓe takalmi, na naɗe babbar riga, na koma can gefe inda gadon Innarku zai kasance in talabijin na kan teburin ɗakinta, na kwanta a ƙasa a ɓarina na hagu.

"Baba, mene ne haka? Don Allah tashi, mutane na kallo."

"Su kalla mana. Ai kallo muka zo saye."

Daga inda nake kwance, marar nauyin nan ta koma fari-fari, fuskokin mutane kamar an shafa musu toka. Ta ainihin kuwa tana nan yadda take, kamar ina zaune a gabanta. Na ce wa Babba ya zo ya kwanta ya gani. Ya ƙi, wandonsa na ofis ne, amma ya durƙusa ya karkata kai, ya miƙe bai ƙara musu ba. Ɗakin Innarku ginin ƙasa ne, taga ɗaya ƙarama, kullum da duhu-duhu, don haka maganar hasken rana ba ta dame ni ba. Girma ma ban bar shi ya ɗauki wadda idonsa ke kai ba, na ce ɗakin bai fi taku kaɗan ba, in aka sa mata wadda ta cika bango sai ta riƙa bin hoto da wuya, wuyan da ba ta da shi. Muka tsaya a kan matsakaiciya.

Ana ɗaure kwali aka kira Babba a waya, ya fita waje. A nan mai shagon ya matso ya yi mini gargaɗi, ni kaɗai. Ku riƙe wannan, domin rashin shaida a kansa shi ya ja mini abin da ya ja.

"Malam, a tsaye za ku ɗauke ta, kada a kwantar, gilashin yana tsagewa. In tana kunne kada a rufa mata ƙyalle. Na ƙarshe kuma, kada ku bar hoto ɗaya ya daɗe a tsaye a kanta. Irin wannan tana riƙe abu. In ya daɗe sai ya zauna a cikin gilashin, ko an canza tasha kana ganin inuwarsa, kuma ba ya goguwa."

Na ce na ji. A bas na rungume ta a tsaye tsakanin gwiwoyina tun daga Kano har Ɗambatta, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ƙuguna. Daga nan a-kori-kura ta ƙarasa da mu. Bangonmu ba zai riƙe ƙusa mai ɗaukar wannan nauyi ba, sai muka ɗora ta a tebur, aka kafa tauraron ɗan'adam a kan katanga.

Ranar da aka kunna, ɗakin ya cika har ƙofa. Harami ya fito, jama'a fari fat suna zagaye Ka'aba. Innarku ta kafa ido, hawaye na bin gefen hancinta yana sauka a matashi. Ba a jima ba ta runtse ido ta ce a kashe. Juwa ce. Tun da ciwon ya same ta, duk abin da ke juyawa a gabanta sai ya tayar mata da zuciya, ga masu ɗawafi ba sa tsayawa, ga mai ɗaukar hoton yana ta sauya gefe. Aka gwada washegari, haka. Aka sake gwadawa, har ta yi amai. Na zauna ina kallon abin da na rungumo daga Kano, na ji gajiyar hanyar ta dawo mini sabuwa.

Wata maƙwabciyarmu da ta dawo daga aikin Hajji ce ta kawo faifan karatun Alƙur'ani a cikin tsaraba. Da aka sa shi a na'urar faifai da aka haɗa da talabijin, ashe hoto ɗaya ne a kai tun daga farko har ƙarshe: Ka'aba baƙa wuluk a tsakiya, farin daɓe kewaye da ita yana ɗaukar ido, babu abin da ke motsi, sai muryar mai karatu. Innarku ta kalla, ta daɗe tana kallo, ba juwa. Ta ce da nauyin harshenta, "Bar ta nan." Da ɗakin ya watse, Rabi ta tafi gida, na gaya wa Innarku abin da mai shago ya ce, cewa in hoton ya daɗe zai zauna a gilashin ya ɓata shi.

"To ya zauna mana," in ji ta. "Ni ma ai a wuri ɗaya nake, Malam. Ka ji wani ya ce na ɓaci?"

Na yi dariya, ita ma ta yi da rabin bakinta. Ban sake tayar da maganar ba, ban kuma ga dalilin gaya wa kowa ba. Talabijin ɗinta ce, in ta ga dama ta ƙone ta da kallo.

Haka muka yi shekaru. In an kawo wuta a kunna, in an ɗauke in ja ƙaramin janareta a bayan ɗaki, har kafaɗata ta dama ta koyi ciwo saboda jan igiya. Da bazara zafin filasmar ya haɗu da na gari, ɗakin ya zama kamar tanda, in ce a kashe ta huta, ta ce ita ba ta gaji ba. Lokacin sanyi kuwa har so take a matso da teburin. Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranakun da ƙarar injin nan da warin fetur da karatun da ke maimaituwa suka ishe ni, in fita in zauna a gindin ɗorawa in rasa abin da ke mini daɗi. Jinya doguwa tana cin mai jinya a hankali, ba ya sanin an ci shi sai ya zo miƙewa. In na dawo sai in same ta yadda na bar ta, ido a kan gilashi, leɓe na motsi. Ran da Allah Ya karɓi abinSa, bayan la'asar ne, faifan na cikin karatu, Rabi na riƙe da hannunta.

Bayan an share makoki Rabi ta shiga gyara ɗakin. Ta kunna talabijin ba tare da faifai a cikin na'urar ba, gilashin ya kawo fili, launin toka, babu hoto. Ina zaure na ji salatinta. Na shiga da sauri na same ta a durƙushe. A tsakiyar gilashin ga siffar Ka'aba nan, kusurwa huɗu, har da alamar ɗamarar da ke samanta, amma ba baƙa ba. Fara ce, ta fi duk abin da ke kewaye da ita haske. Ina gani na gane. Inda farin daɓe yake, gilashin ya yi shekaru yana aiki har ya dushe, inda baƙar Ka'aba take kuwa bai wahala ba, sai ya rage da ƙarfinsa. Abin da mai shago ya faɗa ne, ba ƙari.

"Baba, ka gani? Ba ta je ba, sai aka kawo mata. Wallahi an karɓi Inna, Baba, an karɓe ta!"

Tun ranar rasuwar ban ga fuskar yarinyar nan ta sake ba sai a lokacin. Na yi shiru, kuma har yau ban ga laifin shirun wannan rana ba. Bayan kwana biyu na kira ta gefe na yi mata bayani a hankali. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Kai Baba komai sai ka nemo masa dalili." Na kira Babba in kafa shi shaida, ya ce shi bai ji mai shago ya faɗi haka ba, kuma gaskiyarsa, yana waje. Ya ce in ƙyale mata, abin zai wuce da kansa.

Bai wuce ba. Matan unguwa suka fara, sai na ƙauyukan kusa, sai ga mutane a kan babura daga wajen Watari, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Gidan da na yi shekaru ina lallaɓa shi saboda marar lafiya ya koma kamar bakin kasuwa. Ana tuɓe takalmi tun daga zaure. Wasu su shafi gilashin su shafa a fuska, wasu su goga auduga su ƙulle a bakin zane, wasu su jera robobin ruwa a gaban teburin su dawo su ɗauka don masu ciwo. Rabi ce ke tsaye a ƙofa tana shigar da su kaɗan-kaɗan, tana ba da labarin haƙurin Innarku, kuma duk abin da ta faɗa game da haƙurin gaskiya ne. Ni kuma aka bar ni da jan janareta, don in babu wuta babu abin gani. Liman ya same ni a masallaci ya ce, "Malam, kai ne mai karantarwa, abin nan yana neman wuce gona da iri." Na ce na sani. Na dawo gida na ga 'yata tana dariya da baƙi, na wuce ɗakina na kwanta. Ƙarfin faɗa da kowa ya ƙare mini.

Wata safiya da hantsi amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gida. Wani magidanci ne daga wani ƙauye can arewa da mu, ya kwanto mahaifiyarsa a kan katifa. Aka kamo ta za a shigar. Da suka zo wucewa ta gabana na ga bakinta ya karkace, hannu ɗaya na lilo, miyau na zuba. Na tambaye shi yaushe abin ya same ta. Ya ce da asuba, tana alwala. Na ce an je asibiti? Ya ce a'a, sun ji labarin nan ne suka ce su fara zuwa inda ya fi kusa da Allah, a kwantar da ita a gaban hasken ta wuni.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Tsakar gida cike da mata, zaure cike da maza, na tare ƙofar ɗakin da jikina, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa a gidan nan ba.

"Jama'a, ku ji ni da kyau. Abin da ke cikin gilashin nan tabo ne. Hoto ɗaya aka bari ya daɗe ya ci gilashin, kuma tun ranar da na saye ta mai shago ya gaya mini haka za ta yi. Ko hoton akuya aka bari, akuya za ku gani. Ba ya warkar da kowa. Wadda ta yi shekaru a gabansa ma bai tashe ta ba. Kai kuma ɗauki uwarka yanzun nan ka nemi mota ka kai ta asibiti, wannan ciwon ba ya jira."

Maganar akuya ita ce ta fi yi wa mutane zafi, na sani, amma a lokacin ita ta zo bakina, kuma ina so ne a ji. Mutumin ya dube ni kamar na zage shi, ya sa aka mayar da tsohuwar kan amalanke, ya kaɗa shanunsa. Na bi shi har bakin hanya ina cewa ga mai mota nan a unguwarmu, bai waiwayo ba. Ko asibiti ya nufa, ko gida, ko wani wurin, wallahi ban sani ba har yau. Ina faɗa muku ne don kada wani ya ɗauka akwai wani sakamako da na gani da ya wanke ni. Babu.

Kafin azahar gidan ya watse, robobin ruwa ma wasu ba su tsaya ɗauka ba. Rabi ta fito daga ɗakin da mayafinta a kafaɗa. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Baba, shekara nawa tana kwance ba wanda ya tako ya dube ta sai mu? Yau an san sunanta a garuruwa, ana yi mata addu'a, shi ne ka tsaya a gaban mutane ka haɗa ta da akuya. Ko da gaskiyarka, abu ɗaya tak ta samu. Da ka bar mata."

Ta fita. Tun daga ranar ba ta sake taka tsakar gidan nan ba. In sallah ta zo takan tsaya a zaure ta gaishe ni, a ladabce, kamar yadda ake gaida surukin da ba a saba da shi ba, ta ajiye kwanon abinci ta juya. Sauranku kuma kowa ya ɗauki ɓangare a zuciyarsa ya yi shiru. Na rasa matata, a shekarar kuma na rasa 'yar da ta fi kowa sanin abin da muka sha a ɗakin nan. Wannan ya fi mini ciwo fiye da duk abin da aka faɗa a gari, kuma ina jinsa kullum.

Abin da nake so ku gane shi ne ban rage wa Innarku komai ba. Matsayinta yana wurin Allah, ba ni da ikon ƙara shi ko rage shi, gilashi ma ba shi da. Kuma ni tabon nan ban taɓa raina shi ba. Mai shago ya ce sai hoto ya daɗe ƙwarai kafin ya zauna. To ku auna irin daɗewar da mace za ta yi tana kallon wuri ɗaya, a ɓari ɗaya, ba ƙorafi, har gilashi ya gaji ita ba ta gaji ba. Ni wannan nake gani in na kalle shi, kuma ya ishe ni. Da za a sake kawo wata tsohuwa a amalanke gobe, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, sai dai in cire akuyar.

Yanzu filasmar ta tsufa. Tun bara in an kunna sai ta yi ta ƙyas-ƙyas kafin ta kawo, wani lokaci ta kawo rabi, wani lokaci ta ƙi. Na sa an ɗauko mai gyara daga Ɗambatta, ya buɗe bayanta ya duba, ya ce an daina yin irinta, kayanta ba sa samuwa. Ya ce abin da ke ba ta wuta a ciki ya kusa ƙarewa, kowace kunnawa tana iya zama ta ƙarshe. Na tambaye shi tabon fa. Ya ce yana nan a cikin gilashin, amma in ta mutu ba mai sake ganinsa.

Daga ranar na zare wayarta daga bango, ban ƙara kunnawa ba, duk da akwai yammacin da nake shiga ɗakin in zauna a bakin gadon hannuna na ƙaiƙayi. Ban san ko saura sau nawa ta kawo ba, wataƙila sau ɗaya ne. Rabi, ke na ajiye wa. Ki zo duk ranar da kika ga dama, ba sai kin yi mini magana ba. Zan ja miki janareta in fita gona, ki zauna ke kaɗai, ki kira abin da kika gani da duk sunan da ya kwanta miki a rai. Amma ki yi sauri, 'yata, don daga ni har filasmar ba wanda ke da tabbacin kai wa baɗi.